Kaɗaici A Tsakiyar Taro: Alhakin Wa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a jami'a, ko da na zango ɗaya ne, ya san babu hirar da ta fi ci a bakin ɗalibai kamar ta ƙorafi. In an fito daga lacca ƙorafi, in an koma ɗakin kwana ƙorafi, in an zauna a teburin mai shayi ma shi ne dai. Wannan ya ce kwana uku ke nan famfo bai kawo ruwa ba, wancan ya ce ɗakin da aka gina domin mutum huɗu ga su su takwas a ciki, wani kuma ya ce littafin da malami ya ce a karanta babu shi a laburare. Ba kuwa yau aka fara ba. A 1978 ƙarin kobo 50 a rana bisa kuɗin abinci ya sa ɗaliban jami'o'in Nijeriya suka fito zanga-zanga, suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 2022 kuma yajin aikin malamai ya zaunar da ɗalibai a gida wata 8 cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

To, amma in mutum ya lura da kyau zai ga irin wannan ƙorafi, duk ɗacinsa, yana da wani daɗi a ɓoye. A cikin jama'a ake yin sa. Kowa ya faɗi nasa, a yi tsaki tare, a yi dariya tare, a tashi zuciya ta ɗan yi sanyi. Sau da yawa ma wahalar ce take ƙulla abokantakar da za a tsufa da ita. Akwai kuwa wani ɗalibi wanda yake shan duk wahalar nan tare da mu, amma ba ya samun rabonsa na sanyin zuciya, domin hirar da ake rage zafi da ita ba ta isa kunnensa. Ina nufin ɗalibin da jinsa ya raunana. Tambayar da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu ita ce: in irin wannan ɗalibi ya ƙosa da zaman jami'a, ya janye jiki, har ya tattara kayansa ya tafi, alhakin wa? Na kunnensa ne, ko na hukuma, ko nasa shi da kansa, ko kuwa namu ne, mu da muke zaune da shi?

Abin Da Ya Sa Na Ɗauki Alƙalami

A shekarata ta biyu aka haɗa mu ɗaki da wani saurayi, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Sanƙarau ya kwantar da shi yana ɗan shekara 9. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma kunnen hagu ya tafi ɗungum, na dama kuwa saura kaɗan. Da yake ya riga ya iya magana kafin ciwon, bakinsa sarai yake, ba mai gane yana da wata lalura. Saboda haka sai muka sa masa ido, muka yanke masa hukuncin girman kai. A yi masa sallama daga baya ya wuce abinsa. A kira sunansa a baranda ko waiwaye. Sai da muka kusa wata biyu tare sa'an nan ya gaya mini gaskiyar magana, na ji kunya, na ba shi haƙuri, na kuma ɗauka a raina shi ke nan na gyara.

Ashe da sauran aiki. Da dare in abokai sun taru a ɗakinmu ana hira, wani ya yi barkwanci kowa ya fashe da dariya, sai ya taɓa ni ya ce, "Me aka ce?" Ni kuwa ina cikin dariyata sai in ce, "Bar shi kawai, ba wani abu ba ne." Ran nan bayan an watse ya dube ni ya ce, "Malam, ka san sau nawa ka gaya mini ba wani abu ba ne a makon nan? In ba wani abu ba ne, me ya sa kowa ya yi dariya ban da ni?" Na rasa ta cewa.

Da shekara ta ƙare ya tafi hutu, bai dawo ba. Bai faɗi jarrabawa ba, hasali ma sakamakonsa ya fi nawa kyau. Da na same shi a gida na tambaye shi dalili, sai ya ce karatu bai gagare shi ba, zaman ne ya gagare shi. Tun daga ranar maganar nan take cina.

Yadda Lalurar Take

Kafin mu raba alhaki, ya kamata mu san abin da muke magana a kai, domin yawancinmu muna zaton mutum ko dai mai ji ne ko kurma, babu tsakani. Alhali kuwa tsakanin ya fi yawa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 ne suke da raunin ji, kaɗan ko mai yawa, kuma miliyan 430 daga cikinsu raunin ya kai na neman taimako. A ƙasarmu ba sai an yi nisa wajen neman dalili ba. Muna cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa, wanda ya miƙe daga Senegal har zuwa Habasha. A annobar 1996 kaɗai fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma kurunta tana cikin manyan tabon da ciwon yake bari ga waɗanda suka tashi. Ga ƙyanda, ga hangum, ga ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe, ga kuma wasu magunguna masu ƙarfi da suke lalata ji in an sha ko an yi allurarsu barkatai.

Mai raunin ji yakan ce, "Ina jin murya, amma ba na gane abin da ake faɗa." Ba ƙarya yake yi ba. A yawancin irin wannan rauni, sautuka masu siririn amo kamar s da sh da f da ts su ne suke fara ɓacewa, wasula kuwa su tsaya. Sai magana ta zo masa kamar rubutun da ruwa ya wanke rabin baƙaƙensa, shi zai cike gurabun da hankalinsa. Yana kallon leɓɓa domin su taimake shi, amma leɓɓa ba sa nuna kome da kome. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin haka. Bari da ɓari da mari duk kamanninsu ɗaya a leɓe. Kara da ƙara da gara can cikin baki ake furta farkonsu, ido ba ya gani. Karin sauti, wanda ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ba shi da wata alama a fuska. Mutumin da ya yini yana wannan aikin canki-canki daga lacca ta ƙarfe takwas har zuwa la'asar, dole yamma ta same shi a gajiye fiye da kowa.

A ƙara masa da yanayin ɗakin lacca: fanka tana ƙugi, janareto yana ruri a bayan taga, ɗaki mai faɗi yana mayar da amsa-kuwwa, malami ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani. Ko na'urar ƙara ji, ga wanda yake da halin sayenta da canza mata batir, ba ta mayar da kunne sabo, domin da maganar da hayaniyar duk takan ɗaga. In kuwa dare ya yi aka ɗauke wuta, mu hirarmu daɗi take ƙarawa, shi tasa ta ƙare ke nan, tun da fuskokin da yake karantawa sun shiga duhu.

Wani abin kuma, irin wannan ɗalibi yana tsaka mai wuya. Kuramen da aka haifa da kurunta suna da harshensu cikakke, watau maganar hannu, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Suna da majalisunsu da abokan hirarsu. Wanda jinsa ya raunana bayan ya iya magana kuwa, galibi bai iya maganar hannu ba, ta baki kuma tana kuɓuce masa. Can ba nasu ba ne, nan ma yana bakin ƙofa.

Uzurori Huɗu

In aka tuhume mu, akwai uzurori huɗu da mukan kawo, kuma kowanne yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne cewa ƙaddara ce, ba mu muka ja masa ba. Haka ne, ba mu muka ja masa sanƙarau ba. Amma abu biyu ne a nan, kuma wajibi ne a raba su. Akwai raunin kunne, akwai kuma kaɗaici. Raunin kunne daga Allah yake, likita ma wani lokaci ba shi da yadda zai yi. Kaɗaici kuwa tsakanin mutane ake yin sa. Abokina a gidansu ba kaɗai yake ba, domin ƙannensa sun saba su fuskance shi in za su yi magana, mahaifiyarsa kuma ta san gefen da za ta zauna. Kunnen nan ɗaya ne a gida da makaranta. Abin da ya sauya shi ne mutanen da suke kewaye da shi.

Na biyu shi ne cewa aikin hukuma ne. Lalle hukuma tana da nata kason, babba ma kuwa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin ilmi. Ya kamata kowace jami'a ta tanadi tafintan maganar hannu, da lasifika mai kyau, da ofishin da irin waɗannan ɗalibai za su kai kukansu. Sai dai doka iyakarta ƙofar ofis da ɗakin lacca. Babu dokar da za ta shiga ɗakin kwana ƙarfe goma na dare ta sa ni in maimaita barkwanci. Ɗalibi kuwa awoyin da yake yi da 'yan'uwansa sun ninka waɗanda yake yi gaban malami.

Na uku shi ne cewa shi ma da laifinsa, don me ya ɓoye, don me ya janye jiki? A nan dole in yarda cewa yana da nasa nauyin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ya wahalar da mai magani. Amma mu tambayi kanmu abin da ya koya masa ɓoyewa. Shin ba mu ne mukan ce wa wanda bai gane magana ba, "Kai kurma ne?" da nufin zagi? Shin ba a wasannin kwaikwayonmu ake fito da kurma domin a yi dariyar amsarsa ta baibai ba? Wanda ya tambaya sau ɗaya aka amsa, ya tambaya na biyu aka ɓata fuska, ya tambaya na uku aka yi tsaki, ba zai yi na huɗu ba. Sai ya koyi gyaɗa kai da murmushin da bai san dalilinsa ba, daga nan ya koyi zama shi kaɗai. Ko shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, Beethoven, da jinsa ya fara tafiya, ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa a 1802 yana kukan cewa mutane sun ɗauke shi maƙiyin jama'a, alhali kunyar cewa a ɗaga murya ce ta sa yake gudun taro.

Na huɗu shi ne cewa kowa yana fama da nasa, ga karatu, ga talauci, ina lokacin ɗaukar nauyin wani? Wannan uzuri ya fi sauran gaskiya, domin maimaita magana da gajiya, kuma hira in an tsayar da ita armashinta yakan ragu. Ban musa ba. Amma a sa a ma'auni. A gefe ɗaya ga daƙiƙa goma da zan ɓata in sake faɗin magana. A ɗaya gefen ga shekaru huɗu na mutum, da digirinsa, da begen iyayensa. Wanda ya ce waɗannan biyu nauyinsu ɗaya, ma'auninsa ne yake buƙatar gyara.

Haƙurin Wa Ya Gaza?

A 1974 wani Bature masanin Hausa, A. H. M. Kirk-Greene, ya wallafa nazarinsa kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, a cikinsu akwai haƙuri da kunya da karamci da adalci. Abin da nake so mu lura da shi shi ne yadda muke karkatar da haƙuri gefe ɗaya. Kullum mai lalura ake ce wa ya yi haƙuri. Bai ji sanarwar an sauya ɗakin jarrabawa ba, "yi haƙuri." An yi taron aji an yanke shawara bai san me aka ce ba, "yi haƙuri." Shi kuwa tun yana ɗan shekara 9 yake haƙuri, bai huta ba. Haƙurin da ya yi ƙaranci a wannan zama namu ne, watau haƙurin tsayawa, da juyowa, da sake faɗa ba tare da an ga alamar ƙosawa a fuska ba.

Ya zo a Sahihul Buhari, daga Anas ɗan Malik, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana har sau uku domin a fahimce ta. In mafificin halitta bai ga ƙasƙanci a maimaitawa ba, ni wane ne da zan ga ta fi ƙarfina? Ana kuma ba da labarin wani malami na ƙarni na 3 na Hijira, Hatimu, wanda ake yi wa laƙabi da Al'asammu, watau kurma, ko da yake jinsa ƙalau. Wata mata ta zo yi masa tambaya sai iska ta kuɓuce mata, kunya ta rufe ta. Sai ya ce ta ɗaga murya, kamar ba ya ji sosai, domin hankalinta ya kwanta. Wannan mutum ya ɗauki sunan kurma domin ya sauke wa wata kunyarta. Mu abin da ake nema a wurinmu bai kai haka ba: mu sauke wa ɗan'uwanmu kunyar tambaya, ta hanyar ba shi amsa tun bai roƙa ba.

A nan kuma a kiyaye, kada a rikita tausayi da adalci. Mai tausayi yakan ce "Allah sarki," ya yi wa mutum aikinsa, ya yi magana a madadinsa, ya bar shi a zaune. Wannan ma wani irin warewa ne, ko da yake da kyakkyawar niyya. Abokina bai taɓa neman a ji tausayinsa ba. Abin da yake so shi ne a yi musu da shi kan ƙwallo, a zolaye shi ya rama, a nemi ra'ayinsa a ƙi yarda da shi, kamar yadda ake yi wa kowa.

Darasi Daga Wata Jami'a

A birnin Washinton na Amurka akwai Jami'ar Gallaudet, wadda aka kafa domin kurame a 1864. Ta yi shekara 124 ba ta taɓa samun shugaba kurma ba. A watan Maris na 1988 hukumar gudanarwarta ta sake zaɓen mai ji, ta bar kurame biyu da suka kai zagayen ƙarshe. Ɗalibai suka rufe ƙofofin makaranta, suka ƙaurace wa darussa, cikin mako guda wadda aka zaɓa ta yi murabus, aka naɗa I. King Jordan, wanda ya kurunce yana ɗan shekara 21 bayan hatsarin babur. Me ya sa kukansu ya yi tasiri? Domin suna da yawa, kuma harshensu ɗaya. Namu ɗalibin kuwa shi kaɗai ne a aji mai mutum ɗari biyu. Ba zai iya zanga-zanga ba, ba shi da ƙungiya, buƙatarsa ba ta shiga takardar koke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba mu zama jama'arsa ba, ba shi da wata.

Abin mamaki kuma, babban zargin da muke yi wa hukuma kullum shi ne ba ta sauraronmu, tana yanke shawara a kanmu ba da saninmu ba, in mun tambaya a ce mu yi haƙuri. To, wannan fa shi ne daidai abin da muke yi wa ɗan'uwanmu a ɗakin kwana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin Yi

Ba wani abu mai tsada ake nema ba. In za ka yi masa magana, fara jawo hankalinsa, ka fuskance shi, kada ka rufe bakinka da hannu. Kada ka yi ihu, domin ihu yana karkata leɓɓa, ya kuma tara masa idon jama'a. In bai gane ba sake faɗa da wasu kalmomi, in ta ƙi ka rubuta a takarda ko a waya. In ya iske ana hira gaya masa kan zancen, sauran zai bi da kansa. In an ɗauke wuta a haska fuskar mai magana. Shugaban aji ya rubuta duk wata sanarwa, kada ya bar ta a baki. Malamanmu kuma, da girmamawa, muna roƙo su gama rubutu a allo kafin su yi bayani, su maimaita tambayar da aka yi daga bayan aji kafin su amsa, su kuma bar masa kujerar gaba. Shi ma ɗan'uwanmu mai lalura ya daure ya faɗa tun ranar farko, domin babu abin kunya a ciki.

Mu kuma tuna cewa ji aro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu ta hanyar sauraron sauti mai ƙarfi, irin wanda muke toshe kunne da shi dare da rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

Mun tambaya alhakin wa. Amsar da na samu ita ce alhakin ya rabu, amma ba daidai ba. Ciwo ya ɗauki ji, hukuma tana da bashin kayan aiki a kanta, mai lalura yana da nauyin bayyanawa. Kaɗaicin kuwa, wanda shi ne ya fi korar mutum daga makaranta, mafi yawansa a hannunmu yake, mu abokan ɗaki da abokan aji, kuma da ƙananan kalmomi muke gina shi, irin su "bar shi kawai." Ni na faɗa wa mutum wannan kalma har ya bar mana makarantar. Ya yafe mini, amma gadonsa wani ne a kai yanzu. Kai mai karatu, wataƙila naka abokin yana nan bai tafi ba tukuna. In ya taɓa ka yau da dare ya ce me aka ce, juyo ka gaya masa.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin zaman tare, amin.